Ra'ayinmu: Tsakanin Ƙofar Makaranta Da Ƙofar Gida

A zangon karatun da ya gabata, a wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo da ke ƙarƙashin wannan reshe namu, wani yaro ɗan aji uku ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar darasin lissafi, yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa. Malamin da ke ajin ya ɗauka farfaɗiya ce, ɗalibai kuwa suka watse suna cewa iska ce ta buge shi. Sai da aka kai shi asibiti aka tuɓe masa takalmi, sannan aka ga ragowar katin ƙwayar tiramadol a cikin safarsa. Shekarunsa 14 a duniya. Ba a taɓa kai ƙararsa ofis ba, kuma tun daga aji ɗaya bai taɓa fita daga goman farko ba a jarrabawa.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Da malamai suka zauna, mafi yawansu suka ce a kore shi, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Da mahaifinsa ya zo, tun daga bakin ƙofa yake faɗa, yana cewa lafiyayyen yaro ya kawo, makaranta ce ta lalata masa shi, don a gidansa ko taba ba a sha. Malamai suka mayar masa da cewa ai tarbiyya daga gida take farawa. Aka shafe fiye da awa guda ana cacar baki, yaron yana rakuɓe a gefe babu wanda ya tambaye shi komai, har sai da wani dattijon malami da ya kusa ritaya ya ja shi gindin darbejiya ya ce masa, "Ɗana, ba dukanka zan yi ba. Gaya mini gaskiya, wa ya fara ba ka, kuma a ina?"

Yaron ya ce idan an tashi daga makaranta yakan bi wani abokinsa da ya girme shi da shekara biyu zuwa wurin buga bulo, su yi dako har la'asar sakaliya, a ba su abin da ya sawwaƙa. Wata rana ya yi kukan ciwon baya, sai abokin ya raba ƙwaya biyu ya miƙa masa rabi. "Cewa ya yi maganin gajiya ne, Malam, kuma kowa a wurin yana sha." Wata bakwai ke nan da faruwar haka. Mahaifin yana fita kasuwa bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Mahaifiyar tana zaton yaron yana Islamiyya. Mu kuma a makaranta muna zaton yana gida.

Wannan labari bai bambanta da waɗanda wakilanmu ke kawowa daga sauran makarantu ba, illa dai sunan ƙwayar da sunan unguwar su canja. Saboda haka muke so mu bayyana matsayin reshe ba tare da kewaye-kewaye ba. Yaranmu suna fara shaye-shaye ne a cikin sa'o'in da babu wani babba da ya san inda suke, wato daga ƙarfe biyun rana da muke kaɗa ƙararrawar tashi har zuwa lokacin da ake rufe ƙofar gida da dare. Waɗannan sa'o'i mu malamai mun saki, iyaye ba su kama ba, abokai ne suka gaje su. Duk wani hukunci da zai ƙara wa yaro irin waɗannan sa'o'i, kamar kora daga makaranta, ƙara dagula lamarin yake yi.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin 100, alhali matsakaicin duniya a lokacin bai kai kashi 6 ba. A Jihar Kano kashi 16 aka samu, mutum fiye da miliyan guda. Tabar wiwi ce kan gaba, sai magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol, sai maganin tari. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu shan mace ce. A lura cewa ƙirgar ta fara ne daga shekara 15, don haka yaron da ya faɗi a ajinmu, da mafi yawan 'yan ƙaramar sakandare, ba sa cikin wannan adadi.

Mun ga abin da doka kaɗai za ta iya yi, da abin da ba za ta iya ba. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin kullum a Kano da Jigawa. Bayan binciken ɓoye da BBC ta watsa, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Mun yaba da matakin a lokacin, kuma har yau muna yabawa. Amma mu da ke tare da yara mun ga yadda kwalbar ta yi tsada, aka koma wa ƙwayoyi masu sauƙin ɓoyewa a safa da aljihun wando, irin su ekzol da rochi da diyazafam, waɗanda ba su da hali kuma suka koma wa sholisho. Tiramadol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi bai wuce miligiram 50 da 100 ba, na bayan fage kuwa yana kai 200 har 225, kuma yawansa a jiki yana jawo irin faɗuwar nan mai kama da farfaɗiya. An toshe rami ɗaya, ɓera ya haƙa wani, saboda abin da ke tura yaro ga ƙwayar yana nan ba a taɓa shi ba.

Game da abokai, kakanninmu sun riga sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da ya kamata mu ƙara fahimta shi ne dalilin da ya sa kanwar ta fi kama kan matashi fiye da na babba. Masana sun tabbatar cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya tsaya ya auna sakamako kafin ya aikata abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son daɗi da yabo ya riga ya farka tun farkon balaga. A 2005 wani masanin halayyar matasa a Jami'ar Temple ta Amurka, Laurence Steinberg, shi da abokiyar aikinsa, sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda direba zai zaɓi ya tsaya ko ya wuce idan fitilar hanya ta nuna alamar tsayawa. Idan matashi yana shi kaɗai, tuƙinsa bai yi nisa da na manya ba. Da zarar an zaunar da tsararrakinsa biyu suna kallo, kasadarsa sai ta ninka, su kuwa manya kallon abokai bai canja su ba. Duk malamin da ya taɓa kiran ɗalibi ofis ya same shi mai ladabi da hankali, sa'an nan ya gan shi a bayan aji cikin 'yan uwansa kamar an sauya shi, ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Sai dai akwai kuskuren da muke yi wajen siffanta mugun aboki. Muna gargaɗin yara da wani ɗan daba mai jajayen idanu da zai tare su a lungu ya tilasta musu. Wanda ke miƙa rabin ƙwayar farko kusan kullum masoyi ne: wanda suke cin kwano ɗaya, wanda ya taɓa rama masa faɗa, wanda ya samo masa aikin dako. Kuma ba da sunan maye yake miƙawa ba. Ga mai aikin ƙarfi maganin gajiya ne, ga mai jarrabawa maganin barci ne, ga mai jin kunyar zuwa zance maganin kunya ne. A wajen 'yan mata abin yakan zo ne a gidan biki, cikin robar lemo da aka gauraya, daga hannun ƙawar da ake kira aminiya. Yaro ba ya jin tsoron irin wannan hannu, kuma ƙin karɓa daga gare shi yana kama da cin amanar abota. Ga kuma kalmar nan da yaronmu ya maimaita, "kowa yana sha". Matasa sun saba zaton masu sha a cikin tsararrakinsu sun fi yadda suke yawa, saboda mai sha shi ke da labari da hayaniya, wanda ba ya sha kuwa shiru yake yi. Gaskiyar ita ce mafi yawan ɗalibanmu ba sa shan komai, kuma da za su san su ne masu rinjaye, da ƙin karɓa ya fi musu sauƙi.

Mu juya ga gida, kuma muna magana ne a matsayinmu na iyaye, domin wannan mujalla tana shiga gidajenmu, matanmu da mazajenmu suna karantawa, kuma ɗan malami bai fi ƙarfin abin da ya sami ɗan kowa ba. Ba za mu zargi uban da tsadar rayuwa ta raba shi da gidansa daga asuba zuwa isha'i ba, don yawancinmu haka muke, daga aji sai kabu-kabu ko shago ko gona. Amma akwai abubuwan da ba sa buƙatar kuɗi. Iyaye nawa ne za su iya faɗin sunayen abokan ɗansu uku da gidajensu? Nawa ne suka taɓa leƙawa Islamiyya su duba rajista? Yaro ya shigo da waya ko takalmin da ba mu muka saya masa ba, mu yi shiru don an rage mana nauyi. Ya tafi gidan kallon ƙwallo ya dawo sha ɗayan dare, ya kwana a shagon samari a zaure ko a ƙofar gida, inda babu wanda ke shiga sai su. Ya daina cin abinci, ko ya riƙa barcin rana kamar gawa, ko muryarsa ta riƙa jan magana, mu ce girma ne ya zo.

Akwai kuma darasin da gida ke koyarwa ba da niyya ba. A gidajenmu da yawa ba a zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar. Kai ya sara, a aiki yaro kemis ya haɗo na ɗari biyu. Jiki ya yi tsami, a tsayar da mai tallan magani a kwali. Yaron da ya tashi yana ganin kowace gajiya da ƙwayarta, kuma shi ake aike ya sayo ba tare da takardar likita ba, ba zai ga baƙon abu ba ranar da aboki ya ce ga maganin gajiya. Haka nan uba ko yaya da ke aiken yaro sayen sigari kara ɗaya. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da ita kara-kara, amma kowane mai tebur a bakin titi yana yi, kuma mu ne muke aiken.

Da abin ya fito fili, sai kunya ta hana neman magani. Wasu su ɓoye har sai yaro ya fara ɗauke-ɗauke, wasu su yi masa dukan kawo wuƙa, wasu su kai shi gidan mari. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda aka fito da mutum wajen 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai su ba don ƙiyayya suka kai su ba, rasa wurin zuwa suka yi. Alhali akwai asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa na Dawanau a nan Kano, akwai na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Zuwa waɗannan wurare ba tonon asiri ba ne, kuma wajibinmu ne mu malamai mu riƙa gaya wa iyaye haka tun kafin su buƙata.

Laifi tudu ne, don haka bari mu sauko daga namu mu dube shi. Manufar ilimi ta ƙasa ba ta yarda ajin sakandare ya wuce ɗalibai 40 ba, kuma ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu. Mu da muke riƙe da alli mun san azuzuwan da ke da ɗalibai fiye da 100, wasu a ƙasa wasu a taga. Malamin da bai san sunan yaro ba, ta yaya zai lura cewa idonsa ya canja? Inda aka naɗa mai ba da shawara, sau da yawa malamin da jadawalinsa ya cika ne aka ƙara wa suna, ba horo ba ɗaki. Filayen wasa sun zama shaguna, katanga ta rushe, bayan makaranta ya zama matattarar waɗanda suka daina zuwa aji. Kulob-kulob na muhawara da wasan kwaikwayo da sikawut, waɗanda suka riƙe yawancinmu da yamma lokacin muna ɗalibai, sun mutu a makarantu da dama. Waɗannan nauyin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da faɗa a duk teburin da muka zauna, tare da batun albashi da ƙarin girma, domin malamin da ke gudu zuwa sana'a ta biyu da ƙarfe biyu ba zai tsaya koyar da ƙwallo ba.

Amma akwai wanda yake namu ne tsantsa. Akwai abokan aikinmu da ke aiken ɗalibai sayen taba. Akwai masu barin aji babu kowa awa biyu, kuma a irin wannan lokaci ne ake tsallake katanga. Akwai masu kiran yaro ɗan ƙwaya a gaban taron safe, suna ganin horo ne, alhali sun raɗa masa sunan da zai bi shi har ya gaskata shi. Har wa'azin da muke yi musu yana da gyara. Mukan tara su mu ce duk wanda ya taɓa ƙwaya sau ɗaya zai haukace, su kuwa sun san wane da wane da ke sha kuma suna tafiya da ƙafafunsu, sai su jefar da maganar tamu gaba ɗaya, har da gaskiyar da ke cikinta. Shirin nan mai suna Unplugged, wanda aka gwada a makarantun sakandare na tarayya da tallafin Tarayyar Turai, darussa 12 ne da malamin aji ke koyarwa, kuma ƙarfinsa yana wajen sa yara su gwada da bakinsu yadda za su ce a'a ga aboki ba tare da abota ta ɓaci ba, da gyara musu zaton nan na cewa kowa yana sha. Muna neman a kawo wa malamanmu na jiha irin wannan horo.

Dalilinmu na ƙin kora a matsayin matakin farko mai sauƙi ne. Yaron da ke zuwa makaranta yana da awa shida a kullum a gaban manya, cikin tsararrakin da mafi yawansu ba sa sha. Ranar da aka kore shi, waɗannan awa shida sun koma hannun abokin da ya ba shi rabin ƙwaya, kuma sai mu tarar da shi bayan shekara biyu a bayan katangar makarantar yana sayar wa ƙannensa, ko a cikin ayarin 'yan jagaliya lokacin zaɓe. Mun fahimci tsoron 'yan uwanmu da ke cewa zai koya wa wasu, kuma tsoro ne na gaskiya. Wanda aka kama yana sayarwa a cikin makaranta, ko ya ɗaga makami, hukuncinsa daban ne, kuma ba za mu nemi wani malami ya zauna cikin haɗari ba. Amma a haɗa mai sayarwa da yaron da aka yaudara da maganin gajiya a yi musu hukunci ɗaya, wannan zalunci ne, kuma yana koya wa sauran ɗalibai su ɓoye abokinsu har sai ya faɗi.

Wata ƙasa ta taɓa fuskantar waɗannan sa'o'i kai tsaye. A Aislan, can arewacin Turai, a 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Sun hana yara 'yan 13 zuwa 16 yawon dare, sun sa iyayen kowane aji su yi yarjejeniya a tsakaninsu, sun kuma zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in bayan makaranta. Mutanen ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma suna da arzikin da ba mu da shi. Sai dai yarjejeniyar iyaye da sanin inda yaro yake da dare ba kuɗi suke ci ba, kuma mu muna da abin da su ba su da shi: mai unguwa, da limami, da malamin Islamiyya, da al'adar da ta ce ɗa na kowa ne, wadda muka bari ta yi sanyi tun da maƙwabci ya fara tsoron tsawata wa ɗan maƙwabcinsa.

A taron reshe mai zuwa kwamitin zartarwa zai gabatar da ƙuduri cewa kada wata makaranta ta kori ɗalibi saboda shan ƙwaya karo na farko sai an zauna da iyayensa, an tura shi wurin masu magani, an kuma ɗora wani malami ya riƙa bibiyarsa. Muna roƙon kowane wakilin makaranta ya zo da adadin ɗaliban kowane aji, da bayanin ko akwai mai ba da shawara da ya sami horo, domin mu kai wa hukumomin ilimi magana da hujja a hannu. Muna kuma roƙon shugabannin makarantu su sa batun a taron iyaye da malamai na wannan zango, su gayyaci malaman Islamiyyun unguwa, a amince cewa duk yaron da aka rasa kwana biyu a jere a ɗaya daga cikin makarantun biyu za a sanar da gidansu a ranar.

Yaron da muka fara da labarinsa ba a kore shi ba, da ƙyar. Yana zuwa asibiti sau biyu a wata, mahaifinsa ya nema masa koyon ɗinki a shagon wani ɗan uwansa kusa da gida, dattijon malamin nan kuma yana duba shi kowace safiya kafin a shiga aji. Ya koma sha sau ɗaya a cikin hutu, ya zo da kansa ya faɗa. Zai zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare tare da 'yan ajinsu. Abokin nasa, wanda aka kora daga wata makaranta shekara biyu da suka wuce, har yanzu yana wurin buga bulo.